Babi na Uku: Fahimta Fuska Ce, Amma Tana da Iyaka

A shekara ta 5 bayan Hijira, wato 627 Miladiyya, rundunar taron dangi da ta yi wa Madina ƙawanya ta watse, Yaƙin Gwalalo ya ƙare. Musulmi ba su gama sauke makamai ba sai ga umarni daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa a nufi garin Banu Ƙuraiza, kuma kada kowa ya sallaci La'asar sai can. Sahabbai suka ɗunguma. Wasunsu suna kan hanya rana ta yi sanyi, lokacin salla ya fara ƙurewa, ga shi da sauran tafiya.

Nan fa suka rabu biyu. Wasu suka ce magana a fili take, an ce sai can, to, ko rana za ta faɗi ba za su ɗaura salla a hanya ba. Wasu suka ce abin da ake nufi shi ne a yi sauri, ba a umarce su da fitar da salla daga lokacinta ba, suka tsaya suka yi sallarsu, sannan suka ci gaba. Da labari ya isa ga Annabi, bai zargi ko ɗaya daga cikinsu ba. Buhari da Muslim duk sun ruwaito wannan ta hanyar Abdullahi ɗan Umar.

Waɗannan mutane Larabawa ne, harshensu aka yi musu magana da shi. Sun san mai maganar, sun zauna da shi, suna ƙaunarsa fiye da kawunansu. Maganar kuwa jimla ɗaya ce tak. Duk da haka fahimta biyu ta fito daga cikinta, kuma kowane ɓangare biyayya yake nufi. In haka ta faru a ranar da aka faɗi magana, mai maganar yana raye, ina ga mu da muke karanta ta bayan shekara fiye da 1,400, a wani harshe, a wata ƙasa?

Malaman da suka zo daga baya ma ba su haɗu a kan wanda ya fi dacewa ba. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, jigo ne na masu riƙo da zahirin lafazi, ya bayyana cewa da yana cikin ayarin da ba zai yi La'asar ba sai ya isa, ko da tafiyar za ta ɗauki kwanaki. Ibn Ƙayyim na Dimashƙa, wanda ya rasu a 1350, ya fifita waɗanda suka yi salla a hanya, domin a ganinsa sun haɗa alheri biyu: sun yi saurin da aka nema, sun kuma kiyaye lokacin salla. Ya ƙara da cewa rukunin farko su ne magabatan masu bin lafazi, na biyu kuma magabatan masu duba manufa. Har gobe duk wanda ya ɗauki rubutu zai yi aiki da shi, alƙali ne ko malami ko ɗalibin adabi, tsakanin waɗannan biyu yake kai-komo.

Zaren da ke ƙarƙashin matashi

Bahaushe yakan ce fahimta fuska ce, kowa da irin tasa. Akwai gaskiya a ciki, kuma labarin da ya gabata shaida ne. Sai dai mun mai da wannan magana mafaka. Da zarar an ƙure mutum a muhawara, sai ya ce ai fahimta fuska, ya kaɗe rigarsa ya tashi, kamar dai duk abin da mutum ya ce ya fahimta ya zama daidai ke nan. Wani labarin na zamanin Annabi ya rushe wannan zato.

Adiyyu ɗan Hatim, ɗan shahararren mai kyautar nan na ƙabilar Ɗayyi, ya ji ayar azumi ta cikin Suratul Baƙara, wadda ta halatta ci da sha har sai farin zare ya bambanta da baƙi. Sai ya samo dabaibayin raƙumi guda biyu, fari da baƙi, ya tura su ƙarƙashin matashin kansa. Cikin dare yana ta janyo su yana dubawa, yana jiran lokacin da idonsa zai iya rarrabe su. Da gari ya waye ya je ya ba Annabi labari. Annabi ya yi masa raha a kan faɗin matashin nasa, sannan ya gyara masa: abin da ake nufi hasken alfijir ne da duhun dare.

Adiyyu bai yi da mugun nufi ba, neman bin umarni yake yi kamar sahabban da ke hanyar Banu Ƙuraiza. To, me ya sa aka bar su, shi kuma aka gyara masa? Domin waccan maganar tana iya ɗaukar ma'ana biyu, kuma kowace tana da hujja. Ita kuwa wannan, salon maganar Larabawa da ambaton alfijir a cikin ayar kanta sun rufe ƙofa, ma'ana ɗaya ce ta rage. Ashe akwai saɓanin da rubutu da kansa ya ba shi wuri, akwai kuma kuskure, ko da mai shi mutumin kirki ne. Aikin mai ilimi shi ne ya san wanne ne wanne.

Fassarar da ke zubar da jini

Akwai nau'i na uku, shi ne mafi muni. A shekarar 657, a Siffin, bayan an gwabza tsakanin rundunar Sayyidina Ali da ta Mu'awiya, aka yarda a naɗa mutum biyu su yi sulhu. Wata ƙungiya daga cikin mutanen Ali ta ɓalle, ta ce hukunci na Allah ne shi kaɗai, don haka duk wanda ya yarda mutane su yanke hukunci ya kafirta. Aya suka riƙe, kuma ayar gaskiya ce. Su ne Hawarijawa.

Abdullahi ɗan Abbas ya je har sansaninsu. Bai ce musu fahimta fuska ba, bai kuma zage su ba. Littafin da suke riƙe da shi ya buɗe musu. Ya tuna musu cewa a cikin Suratun Nisa'i Allah ya yi umarni a naɗa masu sulhu biyu in miji da mata sun saɓa, a cikin Suratul Ma'ida kuma ya ɗora wa adilai biyu ƙiyasta fansar dabbar da mai harami ya farauta. Ya tambaye su: in mutane za su yi hukunci a kan aure da farauta da izinin Allah, jinin Musulmi bai fi cancantar a nema masa sulhu ba? Da yawa daga cikinsu suka dawo. Sauran suka kafe, aka yaƙe su a Nahrawan a 658, kuma ɗaya daga cikinsu, Ibn Muljam, shi ya sari Ali a masallacin Kufa a 661.

Hawarijawa ba jahilan karatu ba ne, an san su da tilawa da tsayuwar dare. Cutarsu ita ce sun tsinci aya ɗaya sun raba ta da 'yan'uwanta, sannan suka ɗauki fahimtarsu suka mai da ita ita ce maganar Allah, wanda ya saɓa musu ya saɓa wa Allah. Ibn Umar ya lura da wata ɗabi'ar tasu: sukan ɗauko ayoyin da suka sauka a kan kafirai su ɗora wa muminai. Mutanen Kano da suka ga rikicin Maitatsine a Disambar 1980, da mutanen Borno da Yobe da Diffa da suka ɗanɗana abin da ya biyo bayan 2009, ba sa bukatar a gaya musu inda irin wannan karatu ke kai al'umma.

Dokar tawili

Saboda haka manyan masu tunani na Musulunci suka ga dole a sa wa fassara ƙa'ida. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta Faisalut Tafriƙa a lokacin da mazhabobin tauhidi ke jifan juna da kafirci. Ya nuna cewa babu ɓangaren da ya tsira daga yin tawili a wani wuri, har masu tsananin riƙo da zahiri, don haka tawili shi kaɗai ba ya fitar da mutum daga addini matuƙar ba ƙaryata Manzo ya yi ba. Ibn Rushd, alƙalin Ƙurɗuba kuma likita, ya yi wa Gazali raddi mai zafi a kan falsafa, amma a littafinsa Faslul Maƙal shi ma sharaɗi ya gindaya: ba a kauce wa zahirin lafazi sai da dalili tabbatacce, kuma ma'anar da aka koma gare ta dole ta kasance irin wadda Larabawa suka saba nufi a salon maganarsu. Mutanen biyu sun yi hannun riga a manyan mas'aloli, amma sun haɗu a kan cewa mai fassara ba shi da 'yancin cusa wa rubutu abin da harshensa ba zai ɗauka ba.

Tsakanin mai jan baƙi da malam

Mu a ƙasar Hausa ba a littafi kaɗai muke ganin wannan aiki ba, kowane watan azumi a gabanmu ake yinsa. Ka shiga duk masallacin da ake tafsiri ka duba. Mai jan baƙi yana gefe, ya ja aya da zaƙin murya, ya tsaya. Malam ya karɓa, ya bi ta kalma-kalma ya mayar Hausa, sannan ya ɗaga kai daga littafi ya fuskanci jama'a. Abin da mai jan baƙi ya karanta iri ɗaya ne a Sakkwato da Zinder da zangon Kumasi, ko wasali ba ya canzawa sai bambancin riwaya. Abin da malam zai faɗa bayan ya ɗaga kai kuwa, nan ne iliminsa da malamansa da ɗariƙarsa ko ƙungiyarsa da halin da gari ke ciki duk suke shigowa.

Littafin da ya fi yawa a gaban malamanmu shi ne Jalalaini, aikin malaman Masar biyu. Jalaluddin Mahalli ya fassara daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshe, ya haɗa da Fatiha, ya rasu a 1459. Almajirinsa Jalaluddin Suyuɗi ya cike daga Baƙara zuwa Isra'i. Taƙaitacce ne ƙwarai, sau da yawa kalma ɗaya yake sawa a gefen kalma. Wannan taƙaitawar ita ta sa ya karɓu a zaure, domin ya bar wa malam fili ya yi bayani gwargwadon masu saurarensa.

Malamanmu ma sun san masu sauraro ba ɗaya ba ne. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya karantar da tafsiri a Kano a shekarun jihadi, daga baya ya wallafa Liya'ut Ta'awili, babban aiki mai tattaro maganganun magabata da bambancin ƙira'o'i. Bayan haka ya sake rubuta wani mai sauƙi, Kifayatu Du'afa'is Sudan, don waɗanda karatunsu bai yi nisa ba. Mutum ɗaya, littafi ɗaya yake fassarawa, amma ya ga bukatar ya yi magana iri biyu.

Da rediyo ya zo sai zauren ya faɗaɗa. Tun daga shekarun 1960 Shaikh Abubakar Mahmud Gumi ya riƙa yin tafsiri a Masallacin Sultan Bello, Rediyon Kaduna na yaɗawa har ƙasashen maƙwabta. Shaikh Nasiru Kabara na Ƙadiriyya ya riƙa yin nasa a Kano, Shaikh Ɗahiru Usman Bauchi na Tijjaniyya ya zo ya buɗe nasa a Kaduna. Bayan kafa Izala a Jos a 1978, sai ya zama magidanci a ƙauye yana iya jin aya ɗaya da fassara biyu a dare ɗaya, bai tashi daga tabarmarsa ba. An yi zafi, an raba masallatai, wasu gidajen har zumunci ya taɓu. Amma wani alheri ya fito daga ciki: talaka ya koyi tambayar hujja. Ya gane cewa tsakanin aya da kunnensa akwai mutum, kuma mutumin nan ana iya tambayarsa daga ina ya samo.

Kashi biyu cikin uku na goma sha tara

Kada a zaci wannan matsala ta malaman addini ce kawai. A zaɓen shugaban ƙasa na ranar 11 ga Agusta 1979, Alhaji Shehu Shagari na NPN ya sami ƙuri'a kimanin miliyan 5.7, Cif Obafemi Awolowo na UPN ya sami kimanin miliyan 4.9. Dokar zaɓe ta ce yawan ƙuri'a bai isa ba, sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasa. Jihohi a lokacin 19 ne. Shagari ya cika sharaɗin a 12. A ta goma sha uku, wato Kano, inda Malam Aminu Kano na PRP ya yi rinjaye, kashi 19.94 cikin ɗari ya samu.

Awolowo ya ce jiha ba ta gutsuruwa, kashi biyu cikin uku na 19 ya wuce 12, don haka 13 ake nufi, a je zagaye na biyu. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce lissafi ya ba da 12 da biyu bisa uku, saboda haka a Kano rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'un kawai ake bukata, wato kashi ɗaya cikin shida, kuma Shagari ya haura haka. A ranar 26 ga Satumba 1979 Kotun Ƙoli, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Atanda Fatai-Williams, ta tabbatar da nasarar Shagari. Mai shari'a Kayode Eso ya ƙi yarda, ya rubuta nasa hukuncin daban. Kwana biyar bayan haka aka rantsar da sabon shugaba. Jihohin da aka yi daga baya, 21 da 30 da 36, duk suna rabuwa uku ba saura, amma hakan bai kashe gardama ba: a 2023 an sake komawa kotu a kan ko dole ne ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'un Abuja, har Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba dole ba ne.

A duka shari'un biyu, kowane ɓangare ya ga ma'anar da ta yi daidai da bukatarsa. Wannan ba ya nufin duk fassara son zuciya ce. Abin da yake nunawa shi ne son zuciya yana zaune kusa da mai fassara a kullum, shi ya sa ake tilasta wa alƙali ya rubuta dalilansa, a kuma ajiye ra'ayin wanda ya saɓa, domin na baya su auna. Gwaji mafi sauƙi ga kowa shi ne ya tambayi kansa: da wannan fassarar abokin hamayyata za ta amfana, zan yarda da ita?

Abin da ba a rubuta ba

Adabinmu ya koya mana wani darasin. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, sukan yi wa abokan hamayyar ubangidansu zambo da habaici ba tare da kama suna ba. A kira mutum da sunan wata dabba, ko a ambaci wata tawaya ko wani hali, fada ta ɗauka gaba ɗaya, domin kowa a wurin ya san wanda aka soka. Saurayin da ke jin waƙar yau a wayarsa yana jin kowace kalma, amma rabin ma'anar ya wuce shi, sai ya nemi dattijon da ya san wanda ya nemi sarauta ya rasa a wancan lokaci. Wani ɓangare na ma'ana yana cikin kalmomi, wani kuma yana wurin da aka faɗe su, da ranar, da waɗanda ke zaune. Abin da malaman tafsiri ke nema ke nan in suna binciken sababin saukar aya.

Wannan shi ne abin da muke asara a yau. Malam ya yi karatun sa'a biyu, wani ya yanko daƙiƙa talatin ya watsa a WhatsApp ko TikTok, babu abin da ya gabata, babu abin da ya biyo baya. Kafin la'asar an yi raddi, kafin isha'i an yi raddin raddi, kuma cikin masu zagin da wuya ka sami wanda ya saurari karatun daga farko.

Kayan da mai karatu ke zuwa da su

Wani masanin falsafa Bajamushe, Hans-Georg Gadamer, ya wallafa babban littafinsa a kan fahimta a 1960. Jigon maganarsa shi ne babu mai zuwa wurin rubutu hannu rabbana. Kowa yana zuwa da harshensa da tarbiyyarsa da tambayoyin zamaninsa, kuma ba zai iya tuɓe su ya ajiye a bakin ƙofa ba, hasali ma da su yake fara ganewa. Abin da zai iya shi ne ya san yana ɗauke da su, ya kuma yarda rubutun ya gaya masa abin da bai zo da niyyar ji ba. Malamanmu na zaure sun daɗe da wannan ladabi ta tasu hanyar. In malami ya gama bayani ya rufe da cewa Allah ne mafi sani, yana raba tsakanin maganar Allah da fahimtarsa ne, yana shaida wa almajirai cewa ta farko ba ta kuskure, ta biyu tana iya yi.

Daga duk wannan, nauyi uku ne ke kan wanda zai fassara wa mutane magana, aya ce ko doka ko waƙa. Ya san harshen da aka yi ta da shi, sani na gaske. Ya karanta ta tare da abin da ke gabanta da bayanta da halin da aka faɗe ta. Ya kuma faɗi gaskiya in akwai wata fahimtar mai hujja, ko da ba ita ya zaɓa ba. Mai sauraro shi ma yana da nasa: kada ya yanke hukunci da guntun magana, kada kuma ya ɗauki zafin murya a matsayin ƙarfin dalili.

Ina ganin babban abin da ya kamata makarantunmu su koyar, na allo da na Islamiyya da na boko, shi ne yaro ya iya kawo hujjar wanda ya saɓa masa cikakkiya, yadda mai ita zai ji ya ce lalle haka nake nufi, kafin ya fara rushe ta. Wanda ya iya wannan zai ci gaba da riƙe ra'ayinsa, zai ma fi iya kare shi, amma zai yi wuya a ba shi makami a ce ya je ya kashe maƙwabcinsa saboda fassara. Al'ummar da ke da masallatai da coci-coci da jam'iyyu da harsuna irin namu ba za ta taɓa haɗuwa a kan fahimta ɗaya ba, kuma ba a nemi haka daga gare ta ba. Abin da za ta iya haɗuwa a kai shi ne ƙa'idar da ake bi a gane saɓanin da za a zauna da shi, da kuskuren da za a gyara cikin mutunci, da ɓarnar da dole a tashi tsaye a hana.